Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Zaɓen Jami'a Idan Gurabe Sun Yi Yawa

Jawabin da Kwamitin Ilimi ya gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya



Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya sake tara mu a mahaifarmu cikin ƙoshin lafiya. Shugabannin ƙungiya sun umurci wannan kwamiti da ya yi bayani a kan wata matsala wadda iyayenmu ba su san ta ba, amma mu ta same mu. Matsalar kuwa ita ce ta yaro ko yarinya su sami gurbin karatu a jami'a biyu ko uku a lokaci guda, a rasa wadda za a ɗauka.

Daga shekarar 1962 da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya har zuwa 1975, ita kaɗai ce jami'a a duk faɗin Arewa. A wancan zamani idan ɗan gari ya sami gurbi babu wata shawara da ta wuce ta haɗa masa guzuri. A 1975 aka ƙara ta Sakkwato da ta Maiduguri da ta Jos da ta Ilori, a 1977 Kwalejin Bayero ta Kano ta zama cikakkiyar jami'a, a 1999 kuma aka fara bai wa jami'o'i masu zaman kansu lasisi. Tsakanin 2011 da 2013 gwamnatin tarayya ta buɗe sababbi a Dutse da Dutsin-Ma da Kashere da Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa. Yau jami'o'in ƙasar nan sun haura 250, ban da na ƙasashen waje da wakilansu ke bin iyaye har gida.

Wannan yalwa ni'ima ce, sai dai ta zo da nata nauyi. Abin da kwamiti yake so ya bar mana a wannan zama magana ɗaya ce: gurbin da ya fi dacewa a karɓa shi ne wanda yaro zai iya kammalawa, ya fito da takardar da hukuma ta yarda da ita, a fannin da zai iya aiki da shi. Takardar samun gurbi hangen Dala ce kawai. Shiga birni sai ranar da aka riƙe takardar kammalawa a hannu.

Yadda guraben suke zuwa

Ɗaya daga cikin dalilan kafa hukumar JAMB a 1978 shi ne hana ɗalibi ɗaya ya riƙe gurbi a jami'o'i da yawa, wasu kuma su rasa. A 2017 hukumar ta fito da tsarin da ake kira CAPS, wanda a cikinsa ɗalibi yake ganin gurbin da aka ba shi ta intanet, ya karɓa ko ya ƙi. Da zarar ya karɓa, ƙofar sauran jami'o'i ta rufe a gare shi a wannan shekara. Akwai kuma wa'adin da aka ɗiba domin karɓa, wanda idan ya wuce gurbin yana iya suɓucewa. Don haka yaro ya danna karɓa a wayarsa cikin murna kafin a zauna a gida babban kuskure ne, jan ƙafa har wa'adi ya cika shi ma kuskure ne.

Duk da wannan tsari, gurabe suna taruwa a hannun yaro ɗaya ta hanyoyi da dama. Jami'ar da ya zaɓa tana iya ba shi wani kwas daban da wanda ya nema. Wata da bai zaɓa ba tana iya gayyatarsa saboda makinsa. Ga jami'o'i masu zaman kansu, ga makarantun share fage irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa, ga kuma tayin karatu a Nijar ko Masar ko Indiya ko Saudiyya. Taura biyu ba ta taunuwa, dole a ɗauki ɗaya. Kwamiti yana ba da shawarar a auna kowane gurbi da ma'aunai huɗu, bisa jerin da za mu kawo su.

Ma'auni na farko: shin hukuma ta san da takardar?

Wannan shi ne ma'aunin da idan gurbi ya faɗi a kansa babu buƙatar a duba sauran. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ita ke ba da izinin kafa jami'a, ita ce kuma ke tantance kowane kwas shi kaɗai. Jami'a tana iya zama halattacciya, alhali wani kwas a cikinta bai sami amincewa ba, ko kuma amincewar ta wucin gadi ce. Iyaye da yawa suna tambayar sunan jami'a, su manta da tambayar matsayin kwas ɗin.

Bayan NUC akwai hukumomin sana'o'i. Karatun likita sai da amincewar majalisar likitoci ta MDCN, wadda take ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta horar. Aikin injiniya yana ƙarƙashin COREN. Karatun lauya yana ƙarƙashin majalisar kula da ilimin shari'a, wadda ke gudanar da makarantar horar da lauyoyi, ita ma da nata adadi ga kowace jami'a. Haka aikin jinya da ungozoma da haɗa magunguna, kowanne da hukumarsa. Yaron da ya shiga inda ba a amince ba, ko inda aka ɗebi ɗalibai fiye da ƙa'ida, yana iya gama karatu ya tarar da ƙofar sana'ar a kulle.

Har ila yau, duk gurbin jami'ar gida da bai bi ta hannun JAMB ba abin gudu ne, ko da wani babba ne ya samo shi, domin hukumar yi wa ƙasa hidima ba ta kiran wanda sunansa ba ya cikin rajistar JAMB.

Game da ƙasashen waje kuwa, abin da ya faru a kwanan baya ya ishe mu wa'azi. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya bayyana yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni shida ba tare da ya zauna a aji ba. A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, kuma a watan Agustan shekarar ministan ilimi ya ce jami'o'i takwas kacal aka amince da su a ƙasashen biyu. Wannan hukunci ya shafi har da yaran da suka yi karatu tsakani da Allah, iyayensu suka sayar da gona da dabbobi. Tambaya ɗaya a ma'aikatar ilimi ta tarayya kafin a biya kuɗi da ta raba su da wannan asara. A kuma sani cewa wanda ya karanta likita a waje sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa majinyaci a Nijeriya, wanda ya karanta lauya kuma sai ya yi ƙarin zango a makarantar lauyoyi.

Ma'auni na biyu: kwas yana gaba da suna

Mun san yadda sunan tsohuwar jami'a yake da daɗin faɗi a wurin ɗaurin aure. Amma yaro ba sunan zai zauna ya karanta ba, kwas zai karanta, shekara huɗu ko biyar ko shida, kuma da shi zai nemi abinci. Idan babbar jami'a ta ba shi abin da ba ya so kuma ba ya iyawa, ƙaramar jami'a ta ba shi abin da ya nema kuma an tantance shi, kwamiti yana ganin ta biyun ta fi.

Akan ce wa yaro ya shiga da kowane kwas, daga baya ya canza. Canjin yana yiwuwa, amma ba tabbas ba ne, musamman zuwa likita da lauya da injiniya inda wurare ƙididdigaggu ne. Kada a gina rayuwar yaro a kan wataƙila. Idan za a karɓi kwas ɗin da ba shi aka nema ba, a karɓe shi da niyyar za a iya gama shi ko da canjin bai samu ba.

Kowace jami'a kuma tana da fannin da ta yi ƙarfi a cikinsa. Mai son noma da kiwo ya san cewa Zariya tana da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da ta binciken dabbobi ta Shika, Jami'ar Bayero kuma tana da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Mai son likita ya tambayi asibitin koyarwa: na Shika, na Malam Aminu Kano, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, duk sun daɗe suna horar da likitoci. Idan sabuwar jami'a ce, a tambaya a ji a wane asibiti ɗalibanta suke koyon aiki, kuma ta taɓa yaye wasu ko ba ta taɓa ba. Gani ya kori ji. Duk wanda zai biya kuɗin shekara biyar bai kamata ya ji ƙyashin kuɗin motar yini ɗaya ba, ya je ya ga ɗakunan gwaji da ɗakin karatu da idonsa, ya zanta da ɗaliban da ke ajin ƙarshe.

Ma'auni na uku: lissafi har shekarar ƙarshe

Kuɗin rajistar shekarar farko shi ne mafi sauƙin samu, domin lokacin murna ne, kawu ya kawo, gwaggo ta kawo. Shekara ta uku ce take nuna gaskiyar aljihu. Saboda haka lissafin da ya kamata a yi shi ne na dukkan shekarun: rajista, masauki, abinci, kuɗin mota, littattafai, kwamfuta da kayan aiki, sannan a ƙara wani abu a kai domin farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Digirin injiniya da na lauya da na aikin gona shekara biyar ne, na likitan mutane da na dabbobi shida.

Shekarar 2023 ta koya mana darasi. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu, kuɗin mota da na abinci suka tashi, jami'o'in gwamnati da yawa suka ƙara kuɗin rajista. Dalar Amurka da take wajen naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023 ta haura naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Uban da ya tura ɗansa waje da lissafin tsohon farashi ya wayi gari ana neman ninki uku a hannunsa. Yaron da aka dawo da shi daga shekara ta uku ya yi asarar kuɗi da shekaru, wani lokaci har da ƙarfin zuciyar sake farawa. Daidai ruwa daidai tsaki. Jami'ar jiha da za a iya biya har ƙarshe ta fi ta ƙasar waje da za a tsaya a rabi.

Akwai abubuwan da ke rage nauyi waɗanda ya kamata a sa cikin lissafi. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024, yana ba da rance marar ruwa ga ɗaliban makarantun gwamnati, ban da masu zaman kansu, kuma biya yana farawa ne shekara biyu bayan kammala yi wa ƙasa hidima. Jami'o'in jihohi da dama suna sassauta wa 'yan asalin jiha. A nan muna jan hankalin 'yan uwanmu mazauna birane: yaron da aka haifa a Legas ko Fatakwal ɗan garin nan ne, amma sai da takardar shaidar ƙaramar hukuma zai ci moriyar wannan sassauci da tallafin karatu na jiha. Takardar tana da amfani a jami'o'in tarayya ma, inda ƙa'idar rabon gurabe ta ware kashi 45 cikin ɗari ga cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin zamani. A nemi takardar tun yaro yana sakandare, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ma'auni na huɗu: lokaci, masauki da tsaro

Shekara huɗu a takarda ba kullum take zama huɗu a ƙasa ba. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya ɗauki kimanin wata tara a 2020, ya kuma ɗauki wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wannan ne ya sa wasu iyaye suka karkata zuwa jami'o'i masu zaman kansu, kuma hujjarsu abar dubawa ce, musamman ga yaron da shekarunsa suka ja, tunda wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala takardar yafewa ake ba shi maimakon ya je hidimar ƙasa. Sai dai saurin kammalawa ba ya maye gurbin ma'aunai ukun da suka gabata.

Ƙasashen waje ma suna da nasu cikas. Yaƙin Yukiren a watan Fabrairun 2022 da na Sudan a watan Afrilun 2023 sun katse karatun ɗimbin 'yan Nijeriya, aka kwaso su cikin wahala, da yawansu suna dab da gamawa.

A cikin gida, tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce inda yaro zai kwana. Ɗakunan kwanan ɗalibai a mafi yawan jami'o'in gwamnati ba sa isa, sai a kama haya a unguwannin da ke kewaye. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka sace a watan Satumban 2023, a gidajen haya na wajen makaranta aka same su. Ba muna cewa a guje wa wani gari ba ne. Muna cewa a san masauki, a san hanyar da za a riƙa bi, a san wanda zai tsaya a matsayin uba a can kafin a karɓi gurbi. Wannan ya fi ƙarfi a kan 'ya'yanmu mata. Sau da yawa yarinya takan rasa kwas mai kyau saboda an ce garin ya yi nisa, alhali akwai ɗan garinmu da iyalinsa a wannan gari waɗanda ba a tuntuɓa ba.

Misali

Mu ɗauka yarinya tana son aikin lafiya. Tsohuwar jami'ar tarayya ta ba ta ilimin halittu, jami'ar jiha ta ba ta aikin jinya, wani wakili kuma ya kawo tayin karatun likita a ƙasar waje da biyan dala. Mahaifinta ma'aikacin gwamnati ne da ya rage masa shekara uku ya yi ritaya. Tayin waje ya fi daɗin ji, amma shekara shida ne, albashin da zai ɗauke shi kuma na shekara uku ne. Gurbin tarayya yana da suna, amma ba ya kai ta bakin gadon majinyaci. Idan an bincika an tabbatar da cewa NUC da majalisar jinya sun amince da kwas ɗin jami'ar jiha, shi ne ya cika ma'aunai. Idan ba su amince ba, ya faɗi tun a ma'aunin farko, sai a zaɓa tsakanin karɓar ilimin halittu da zuciya ɗaya ko sake zama jarrabawa baɗi. Jiran shekara ɗaya da manufa ya fi ɓata biyar a kan abin da ba zai yi amfani ba.

Wa ke da ta cewa?

Uba ne zai biya, yaro ne zai karanta, don haka kowannensu yana da haƙƙi a cikin wannan shawara. Bai dace uba ya tilasta wa yaro likita domin a kira shi baban likita ba, alhali yaron ba ya jituwa da kimiyya. Bai dace kuma yaro ya zaɓi jami'a domin abokansa suna can ba. Uwa ta fi kowa sanin halin ɗanta, ko zai iya riƙe kansa a nesa ko sai da ido a kansa, saboda haka a saurare ta. A nemi shawarar malaminsa na sakandare da wanda yake aiki a fannin. Bayan an yi bincike an yi shawara, sai a yi istihara, a dogara ga Allah.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Kwamiti yana gabatar wa wannan taro shawarwari huɗu domin amincewarsa.

Na farko, duk ɗalibin da zai nemi tallafin ƙungiya ya kawo wa kwamiti dukkan guraben da ya samu kafin ya karɓi ɗaya ko ya biya ko sisi, mu kuma mu ba shi amsa a cikin mako guda domin kada wa'adi ya wuce shi.

Na biyu, kada asusun ƙungiya ya biya wa kowa kuɗin kwas ɗin da ba a tantance ba. Kuɗin nan karo-karon 'yan uwa ne, amana ce a hannunmu.

Na uku, kowane reshe ya ba da sunayen mutum biyu, namiji da mace, waɗanda za su zama iyayen ɗalibanmu a garinsu, su taimaka wajen neman masauki, su riƙa leƙa su. Malaman jami'a da likitoci da injiniyoyi da lauyoyi 'yan garin nan su ba da yini ɗaya a hutun ƙarshen shekara domin zama da 'yan ajin ƙarshe na sakandarenmu.

Na huɗu, wajen rabon tallafi a fifita wanda ya riga ya yi nisa a karatu kuma kuɗi ya yanke masa, sannan a duba bukatun gari: malaman lissafi da kimiyya, ma'aikatan jinya da ungozoma mata, likitocin dabbobi da malaman gona. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kammalawa

Ya ku iyaye, ƙimar garinmu a fagen ilimi za ta bayyana ne a yawan waɗanda suka kammala suka dawo da abin da zai amfane su ya amfani jama'a. Ya ku ɗalibai, samun gurbi fiye da ɗaya shaida ce ta ƙwazonku, kada gaggawa ko son suna ya ɓata muku ita. Ku tambaya, domin matambayi ba ya ɓata.

 Allah ya yi wa 'ya'yanmu zaɓi mafi alheri, ya ba su ilimi mai amfani, ya ba iyaye ikon ɗaukar nauyi, ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.